Baƙo A Bakin Zaure: Shin Taka-tsantsan Mummunan Zato Ne?

Gabatarwa

Akwai wasu maganganu guda biyu na Hausawa waɗanda suka daɗe suna zaman doya da manja a bakin jama'a. Ta farko ita ce, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ta biyu kuwa ita ce, rigakafi ya fi magani. Da ta farkon ake tarbiyyar yaro don kada ya tashi yana yi wa kowa kallon ɓarawo, da ta biyun kuma ake yi masa gargaɗi don kada ya tashi wawa, kowa ya zo ya taka shi ya wuce. Muddin mutum yana zaune cikin danginsa da maƙwabtansa, maganganun nan ba su cika yin karo da juna ba, domin ya san kowa, kowa ya san shi. Ranar da baƙo ya yi sallama, a ranar ne ake rasa wadda za a ɗauka.

Baƙon da wannan maƙala za ta yi magana a kansa ba ya da ƙafa, ba ya shan ruwa. Manhaja ce ta waya ko ta kwamfuta, wadda mutum bai taɓa jin sunanta ba, ta zo masa a dandalin sada zumunta irin wanda aka gina a kan fasahar bulokcen, tana neman ya miƙa mata mabuɗin asusunsa don ta yi masa wani alheri. Tambayar ita ce: wanda ya tsaya ya ce sai ya bincika, ya munana zato ne, ko kuwa ya sauke wani nauyi ne da ke wuyansa? Ra'ayina shi ne ya sauke nauyi, kuma nauyin ba na kansa kaɗai ba ne. Zan yi ƙoƙarin kawo dalilai, mai karatu shi ne alƙali.

Garin da babu mai unguwa

Kafin a shiga muhawara, ya kamata a san filin. Bulokcen wani kundi ne na ajiye bayanai wanda ba ya hannun mutum ɗaya ko kamfani ɗaya. Kwamfutoci masu yawa a sassan duniya kowace tana riƙe da kwafinsa, kuma duk abin da aka rubuta a ciki an ɗaure shi da abin da ya gabace shi, ta yadda goge shi ko sauya shi abu ne mai matuƙar wuya. A kan wannan tsari aka kafa kuɗin Bitcoin a 2009.

A 2016 wasu Amurkawa biyu, Ned Scott da Dan Larimer, suka kafa dandalin Steemit a kan wani kundi mai suna Steem. Dabarar ita ce a biya marubuci kai tsaye: ka rubuta labari ko waƙa ko sharhi, masu karatu su jefa maka ƙuri'a, bayan kwana 7 a raba ladan da rubutun ya tara da kuɗin kirifto, kashi ga marubucin, kashi ga waɗanda suka zaɓe shi. A watan Maris na 2020 wani ɓangare mai yawa na jama'ar Steem ya ɓalle ya kafa Hive, wanda ke bin kusan wannan tsari. Ga marubucin da ya sha wahalar neman maɗaba'a da bin 'yan kasuwa bashin kuɗin littafi, wannan abu ne mai jan hankali ƙwarai.

Sai dai kundin shi kansa ba ya da fuska. Ba a shigarsa sai ta wata ƙofa, wato shafi ko manhaja, kuma kowa yana da damar gina tasa ƙofar ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Shi ya sa ake samun manhajar rubutu, da ta bidiyo, da ta wasanni, da ta jefa ƙuri'a a madadin mutum yana barci, duk suna zuba a kundi ɗaya. Abu na biyu kuma, a Facebook idan aka sace maka asusu akwai kamfanin da za ka kai wa kuka, ko ya saurare ka ko bai saurare ka ba. A nan kuwa kuɗin da aka tura ya tafi ke nan, domin a kowace daƙiƙa 3 ake rufe shafi a buɗe sabo, kuma babu ma'aikacin da ke da ikon komawa baya ya gyara. Gari ne da babu mai unguwa, kowa shi ne mai gadin gidansa.

Mabuɗai huɗu

Waɗanda suka tsara Steem da Hive sun san haka, don haka suka ba kowane asusu mabuɗai huɗu maimakon ɗaya. Akwai mabuɗin rubutu, wanda da shi ake wallafa abu, a yi sharhi, a jefa ƙuri'a. Akwai mabuɗin hada-hada, wanda da shi ake tura kuɗi da ba wani izini a kan asusu. Akwai mabuɗin mallaka, wanda ke iya sauya dukkan sauran. Sai ƙaramin mabuɗi na karanta saƙon sirri. A bisa su duka akwai babbar kalmar sirri wadda daga gare ta ake fitar da huɗun.

Bahaushe ba zai ga wannan tsari baƙon abu ba, domin haka gidansa yake. Baƙo yana da zaure, a nan za a shimfiɗa masa tabarma a kawo masa ruwa da abinci. Aboki na jiki yana iya kaiwa shigifa. Cikin gida sai muharrami, turaka kuwa ta maigida ce. Ba a taɓa jin baƙon kirki ya yi fushi don an tsayar da shi a zaure ba, kuma ba a taɓa kiran maigida marowaci ko mai mugun zato don ya yi haka ba. Hasali ma, baƙon da ya iso yau ya ce shi sai turaka, shi ne ya bayyana kansa. Manhajar da aikinta wallafa rubutu ne amma ta nemi mabuɗin mallaka, ko babbar kalmar sirri, ko kalmomin nan 12 ko 24 da ke buɗe lalitar kirifto, irin wannan baƙon ce.

Abin da ya riga ya faru

Don kada a ce tsoratarwa ce kawai, ga abubuwa uku da suka auku. A watan Yuli na 2016, Steemit yana ɗan wata kaɗan da haihuwa, aka kutsa asusu kimanin 260 aka kwashe abin da ya kai kusan dala 85,000. Ba a fasa kundin ba, ta shafin da mutane ke shiga aka biyo. A watan Mayu na 2018 aka kutsa kwamfutocin Utopian, wata manhaja mai mutunci a tsakanin jama'ar Steem, aka sace shaidar izinin da mutane suka ba ta, aka riƙa jefa ƙuri'a da sunayensu ba da saninsu ba. Kuɗin kowa bai fita ba, saboda izinin bai wuce na zaure ba. A farkon Maris na 2020 kuma, lokacin rikicin da ya biyo bayan sayen kamfanin Steemit da attajirin nan Justin Sun ya yi, manyan kasuwannin kirifto uku, Binance da Huobi da Poloniex, suka yi amfani da kuɗin Steem da mutane suka ajiye a wurinsu suka jefa ƙuri'ar da ta tunɓuke shaidu 20 masu kula da kundin. Daga baya Binance da Huobi suka janye ƙuri'unsu, amma rikicin ne ya haifi Hive.

Darasin da ke cikin ukun guda ɗaya ne. Masu tallar wannan fasaha sukan ce ta kawar da buƙatar yarda da kowa, tun da lissafi ne ke tsaron dukiya. Gaskiya ne lissafin yana da wuyar karyawa, amma yarda ba ta ɓace ba, ƙaura ta yi daga ofishin banki ta dawo bakin ƙofa, wurin da mutum zai yanke wa zai miƙa wa mabuɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan tsagar ita ce hannun mai asusu.

Hujjojin masu ja

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da abin faɗa.

Na farko za su ce, ai kowace sananniyar manhaja da baƙuwa ce. In da kowa ya ce ba zai taɓa sabon abu ba sai wani ya gwada, da babu abin da zai tsiro, kuma matashin da ya ɓata dare yana gina manhaja da zuciya ɗaya an zalunce shi. Marubuta sun fi kowa sanin zafin wannan, domin kowane marubuci ya taɓa zama sabon suna da ake juya littafinsa a ajiye.

Na biyu za su ce, sanin suna ma ba kariya ba ne, ga shi ka kawo misalin Utopian da bakinka. In sananne yana iya jawo asara, mene ne laifin baƙo?

Na uku, wanda ya fi yawa a bakinmu, shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wanda aka rubuta zai yi asara zai yi, ko ya bincika ko bai bincika ba.

Amsar ta farko ita ce a bambance hukunci a kan mutum da awo a kan aiki. Mummunan zato shi ne ka yanke a zuciyarka cewa wane ɓarawo ne alhali ba ka da shaida, ka kuma bi gari kana faɗa. Wanda ya ce, "Ban san ka ba tukuna, ga zaure, mu saba," bai yanke komai a kan kowa ba. Mai sayen hatsi yakan nutsa hannu cikin buhu ya duba, mai hatsin kuma ba ya cewa an zage shi. Maginin manhaja na gaskiya shi ne ma zai fi kowa son a gwada shi da kaɗan, domin ya san zai ci jarrabawar.

Amsar ta biyu tana cikin misalin kansa. Abin da ya ceci mutanen Utopian shi ne iyakar abin da suka bayar. Ashe ke nan ma'aunin taka-tsantsan ya wuce tambayar "na san shi ko ban san shi ba". Tambayar da ta fi ita ce, "in abin ya lalace, me zan rasa, kuma wa zai rasa tare da ni?"

Ta uku kuwa, wanda ke faɗinta yana kulle shagonsa da dare, yana kuma ɗaure akuyarsa. Ba a tuna tsautsayi sai a wurin da kwaɗayi ya riga ya rinjayi mutum, yana neman abin da zai rufe bakin zuciyarsa da shi.

Mai jirgin ruwa

Wani masanin lissafi ɗan Ingila, William Clifford, ya kawo wani misali a wata maƙala tasa ta 1877 a kan ladubban gaskatawa. Wani mai jirgin ruwa ne zai tura jirginsa cike da masu ƙaura. Ya san jirgin ya tsufa, kuma shakka ta ɗarsu a ransa ko zai kai. Gyara kuwa zai ci kuɗi. Sai ya yi ta lallashin kansa, yana tuna tafiye-tafiyen da jirgin ya yi lafiya, yana cewa bai kamata ya zargi maƙeran jirgin ba, har ya kai ya gaskata da zuciya ɗaya cewa babu abin da zai faru. Jirgin ya nutse a tsakiyar teku, shi kuma ya karɓi kuɗin inshora. Hukuncin Clifford shi ne mutumin yana da alhakin rayukan nan, domin natsuwar da ya samu bai same ta ta hanyar bincike ba, ta hanyar danne shakka ya same ta. Ya ƙara da cewa ko da jirgin ya isa lafiya, laifin yana nan, sa'a ce kawai ta rufa masa asiri.

Mai karatu ya lura da abu biyu. Mai jirgin ya fake da kyautata zato, ya mai da shi mayafin lalaci da son kuɗi. Sannan waɗanda suka biya farashin kyautata zatonsa wasu ne daban, shi yana tudu. Kyautata zato halin kirki ne matuƙar kai ne za ka ɗauki asarar in ta zo. Idan akwai fasinja a jirginka, ba ka da ikon yin kyauta da lafiyarsu.

Fasinjan marubuci

To, su wane ne fasinjan mai asusu a dandalin sada zumunta? Mabiyansa ne. A nan ne maganar ta fi shafar mu marubuta da masu sha'awar rubutu.

Sau da yawa akan raina mabuɗin rubutu, a ce ai ba ya taɓa kuɗi. Amma shi ne ke magana da bakinka. Sananniyar dabara ce a waɗannan dandali ɓarawo ya kama asusun mutumin da aka yarda da shi, ya bi rubuce-rubucen abokansa yana ajiye sharhi: an saci rubutunka ga inda aka sa shi, ko ka ci kyauta zo ka karɓa. Wanda ya bi adireshin sai ya tarar da shafi mai kama da na gaske, ya zuba mabuɗinsa, shi ma a kama nasa asusun a ci gaba da farauta da shi. Ba don ya yarda da ɓarawo ya taɓa ba, don ya ga sunanka ne. Kuma tun da kundin ba ya mantuwa, ko ka gyara sharhin daga baya, asalinsa yana nan a rubuce da sunanka. Magana zarar bunu ce, a nan kuwa har bunun ba ya ruɓewa.

Girman suna ba ya hana wannan, ƙara masa kaifi yake yi. A watan Satumba na 2023 aka kama asusun Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, a dandalin X, ta hanyar ƙwace layin wayarsa. Aka wallafa tallar wata kyauta da sunansa, waɗanda suka haɗa lalitarsu da shafin suka yi asarar abin da ya kusa dala 700,000. Sunansa ne ƙugiyar, mabiyansa ne kifin.

Mu ma abin ya iso ƙofarmu. A 2024, lokacin da Notcoin da Hamster Kombat suka mamaye Telegram, babu lungun da ba a ga matasa suna dangwalar fuskar waya ba a garuruwan Arewa, abin da aka laƙaba wa suna mainin. Ginshiƙin irin wannan tsari shi ne gayyata: ka kawo mutum a ƙara maka maki. Sai kowa ya zama dillali, yana tura wa ƙanne da abokai adireshin abin da shi kansa bai san wa ya gina shi ba. Ba ina cewa duk abin da aka tura na damfara ne ba. Ina cewa wanda ya saba wa mutanensa da taɓa duk abin da ya turo, ya share wa mai damfara hanya ranar da zai zo.

Kakanninmu fatake sun warware wannan matsala tun da daɗewa. Mai safarar goro ko shanu idan ya isa zangon da bai san kowa ba, a Salaga ko a Sabon Ibadan, wurin fatoma yake sauka. Fatoma zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, kuma in an ba da kaya bashi shi ke tsayawa. In mai saye ya gudu, a wuyansa abin yake, don haka ba ya gabatar da wanda bai auna ba. Karamci da bincike a hannun mutum ɗaya suke, kuma babu wanda ya ga saɓani a tsakaninsu. Duk marubucin da ya ce wa masu karatunsa "ku gwada wannan", ya zauna a kujerar fatoma ke nan. Bambancin kawai shi ne fatoma ya san zai biya, mu kuwa mukan ce "ai ni ma turo mini aka yi".

Me nauyin ya ƙunsa?

Ba a nemi kowa ya zama masanin kwamfuta ba. Abin da aka nema bai fi ƙarfin mai hankali ba.

Mutum ya ba kowace manhaja mafi ƙarancin mabuɗin da aikinta ke buƙata. Mabuɗin mallaka da babbar kalmar sirri a rubuta su a takarda a adana, kada su shiga wani shafi. Ya yi amfani da abin sa hannu irin Hive Keychain, wanda ke riƙe mabuɗi a na'urar mai shi, ya nuna masa abin da ake so ya amince da shi, ba tare da shafin ya ga mabuɗin ba. Kuma ya karanta abin da aka nuna masa kafin ya amince. Ya duba harufan adireshin shafi ɗaya bayan ɗaya, domin da harafi guda ake sauya gaskiya da jabu. Ya tambaya wa ya gina manhajar, tun yaushe take aiki, su wa suka gwada ta. In zai gwada sabuwa, ya gwada da ƙaramin asusu wanda ba ya ɗauke da dukiyarsa ko sunansa. Lokaci-lokaci ya duba jerin waɗanda ya taɓa ba izini ya soke na waɗanda ya daina amfani da su, domin izinin ba ya mutuwa da kansa.

Ya kuma san ƙofofin ceto tun kafin gobara. A Hive, wanda aka sauya wa mabuɗin mallaka yana da kwana 30 ya nemi dawo da asusunsa, in yana riƙe da tsohon mabuɗin kuma wakilin da aka sanya masa ya tabbatar da shi. Kuɗin da aka kafe a asusu sai a mako 13 yake gama fita, na ma'ajiya kuma sai bayan kwana 3. An yi wannan jinkiri ne da gangan, don mai gida ya farka kafin ɓarawo ya gama ɗaure kaya. Daga nan za a gane dalilin da ya sa mai damfara ba ya rabuwa da gaggawa: yau ne kawai, saura awa ɗaya, mutum ɗari na farko. Alherin da ba zai iya jiran gobe ba, a bar shi ya wuce.

Kammalawa

Idan aka dawo ga maganganun nan biyu da aka fara da su, za a ga kowace da muhallinta. Hana zato ya shafi abin da zuciya ke yanke wa mutum da abin da harshe ke yaɗawa a kansa. Rigakafi ya shafi abin da hannu ke miƙawa. Mutum yana iya yi wa maginin sabuwar manhaja fatan alheri, ya ƙi ɓata masa suna, ya ba shi damar nuna kansa a zaure, kuma duk da haka ya riƙe mabuɗin turakarsa.

Ga marubuci kuwa, jarinsa na gaskiya shi ne mutane su ga sunansa su saki jiki. Shekaru ake yi ana tara wannan jari, layi bayan layi, kuma rabinsa na masu karatu ne, domin su suka ba da shi ajiya. Saboda haka kafin ɗan'uwa marubuci ya miƙa mabuɗi ga baƙuwar manhaja, ko ya tura wa jama'arsa adireshinta, ya tambayi kansa tambayar fatoma: in wannan baƙo ya gudu da kayan mutane, na yarda a zo a kama ni? In amsar a'a ce, to ya dakata ya bincika tukuna.